Lomar da Takwara Ta Ƙi Karɓa

A gidan da na tashi a Fagge, mutum biyu ne kawai suke cin abinci su kaɗai: marar lafiya da mai fushi. Sauran kowa da ƙungiyarsa. Mu 'yan mata tirenmu ɗaya, samari nasu ɗaya. In baƙo ya faɗo ana tsakiyar ci, ba a tsayawa tambayarsa ko yana jin yunwa, matsa masa ake a ce bismillah. Ko yanzu ya ɗaga hannu daga wani kwanon, dole ya wanke hannu ya yanki loma ɗaya. Wannan lomar ita muke ce wa sa albarka. Wanda ya ƙi sa albarka kuwa ya riga ya faɗi magana ko bai buɗe baki ba. Ko dai yana riƙe da ku a rai, ko yana zargin abin da kuka zuba a miyar, ko kuma ƙyamarku yake yi.

Inna, wadda ta haife ni, da tuyar ƙosai ta rene mu. Tun ina ƙarama na san hannunta na dama a haka: tabon mai fari-fari tun daga wuyan hannu har kan yatsu, ga kuma wani babba a bayan hannun, inda kasko ya taɓa kife mata. Ba ta taɓa ɓoye shi ba. Da shi take nuna mutum in tana faɗa, da shi take sa lalle ranar salla, kuma da shi take tura min tsokar nama ɓangarena a tire, da ɗan yatsa ɗaya, tana kallon wani wajen kamar ba ita ba.

Aure ne ya kawo ni New York. Muna zaune a Highbridge, hawa na biyar, a ginin da babu lif, a unguwar da ko titin ma sai an yi masa matakala saboda tudu. Maigidana tasi yake ja. Ni kuma ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu, in yi musu wanka, in ba su abinci, in tuna musu magani. 'Ya ɗaya Allah ya ba mu, a nan aka haife ta, muka sa mata sunan Inna. Tunda ba zan iya kama sunan uwata gatsal ba, sai nake ce mata Mamana. Tana jin Hausa sarai, har ta zagi da ta habaici, amma in ka yi mata magana da Turanci za ta mayar maka. Na yi faɗan har na gaji na bari.

Da fari mu ma a tire muke ci. Tana 'yar ƙarama, in na fita aiki nakan bar ta a hawa na ƙasa wajen maƙwabciyata, wata 'yar zangon Kumasi mai faɗin hannu. Mahaifin matar yana wajenta, tsoho ne mai son yara, duk ginin Baba muke ce masa. Shi da Mamana kwanonsu ɗaya. Shi yake yaga mata nama, ita kuma tana ba shi labarin da ba kai ba gindi. Sai shekarar korona ta zo. Baba yana cikin waɗanda suka fara tafiya a ginin namu, Allah ya jiƙansa. Daga lokacin kowa ya koma farantinsa da cokalinsa da kofinsa, musamman ni da nake shiga gidajen tsofaffi. Da abin ya lafa ba mu koma tire ba. Ba wai mun zauna mun yanke shawara ba ne. Shi yana fita da asuba, ni ina dawowa da yamma, ita tana da lokacin makaranta, kowa ya buɗe firji ya ɗumama nasa. Tiren ya hau saman kabad ya yi zamansa.

Mun daɗe muna neman yadda Inna za ta zo kafin Allah ya nufa. Lokacin da ta iso, Mamana ta kai wajen shekara tara, kuma ba su taɓa ganin juna ba sai ta waya. Inna ta zo da kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji, an ƙulle su leda cikin leda. Ta hau matakalar nan tana hutawa a kowane hawa tana cewa, "Wai ku nan ne Amurkar?" Da ta shiga falo ta ga yarinyar, sai ta buɗe hannu ta ce, "Takwara, zo nan in gan ki." Mamana ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe ta da Hausa, gaisuwar da na sa ta haddace, amma ba ta ƙarasa ba. Na ce kunya ce. Inna ma ta ce kunya ce, har ta yaba.

Da yamma na sauko da tiren na wanke masa ƙura. Na tuƙa tuwon shinkafa, na kaɗa miyar kuka da kukar da ta zo daga gida, na sa man shanu. Maigidana na zuba masa nasa daban, tunda suruki ba ya haɗa hannu da surukarsa. Na shimfiɗa tabarma a falo, ni da Inna muka zauna, na kira Mamana. Sai ga ta ta fito daga kicin da farantinta da cokalinta, ta ɗebi nata, ta hau kujera can gefen tebur.

Inna ta sa hannu a tire. Ta lalubo tsoka mafi kyau a miyar, ta ɗaga ta da yatsunta, ta miƙa.

"Takwara, karɓi."

Yarinyar ta mayar da hannuwanta baya. Cikin ladabi, da 'yar muryarta, ta ce da Turanci a'a, ta gode, Kaka.

Hannun Inna ya tsaya a sama, miya tana ɗiga a kan tire. Ta juyo ta tambaye ni me ta ce. Na ce ta ce ta ƙoshi. Inna ta kalli farantin da yarinyar take ci, ta kalle ni, ta mayar da naman cikin miya. Har muka tashi babu wanda ya taɓa tsokar nan.

Ni ba ni da haƙuri, wannan kowa ya sani. Ina gama kwashe kwanuka na ja yarinyar ɗaki na rufe ƙofa, ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Na ce uwata ta ƙetaro duniya ta zo, ta miƙo miki abu da hannunta, ke har kin isa ki ce a'a? Na ce a gidanmu ko kare aka miƙa wa loma yana karɓa. Ta tsaya ƙiƙam tana kallon ƙasa, hawaye na zuba. Na tambaye ta dalili, ta ce ba ta so kawai. Washegari na ce ba farantin kowa, ko ta zauna a tire ko ta kwana da yunwa. Wallahi yarinyar nan ta zaɓi yunwa. Babanta ne ya kai mata burodi da shayi ɗaki, ya fito ya ce min in bi a hankali.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne, ba wai ba ta kula da kakar ba ce. Ita take kawo mata ruwa. Ita take kunna mata talabijin, ta nemo mata karatun Alƙur'ani a waya, ta ɗauko mata bargo in hita mai ɗumama ɗaki ta yi sanyi. Amma komai daga nesa. Za ta ajiye kofi a kan tebur ta ja baya, ba za ta sa mata a hannu ba. Ga yawan wanke hannu kamar mai shirin shiga tiyata. In za ta ɗauki kofin Inna sai ka ji famfo, in za ta taɓa carbinta sai ka ji famfo. Inna tana zaune a falo tana jin ƙarar ruwan nan, tana lissafa abinta a zuci.

Na sauka wajen maƙwabciyata na kai ƙara. Ta ce, "'Yar'uwa, ki bar ta. Yaran nan da aka haifa a nan haka suke. A makaranta an hana su cin abincin juna, an ce wani gyaɗa tana kashe shi, wani madara. Nawa ma in na sha ruwa a kofi ba sa sha." Na koma na gaya wa Inna haka, na ƙara gishiri, na ce dokar makaranta ce mai tsanani. Inna ta ce, "To, ai doka doka ce." Amma a ranar ta ga Mamana ta karɓi guntun lemo daga hannun babanta ta jefa a baki.

Bayan 'yan kwanaki, ina zuba tuwo, Inna ta ce in miƙo mata cokali. Na ɗauka ban ji daidai ba. Matar da take cewa tuwon cokali ba ya ƙosarwa, matar da ta taɓa yi wa yayana dariya har da hawaye don ya dawo daga makarantar kwana yana cin tuwo da cokali, ita ce take riƙe da cokali a falona tana yanka tuwo kamar mai koyo. Daga nan ta ce a riƙa kai mata nata ɗaki, wai zaman tabarma yana taso mata da ciwon gwiwa. Sannan na lura ta fara jan gefen mayafi tana rufe hannun damanta in yarinyar ta shigo. Wannan ya yi min ciwo ƙwarai. Hannun da ya ciyar da mu ne ake ɓoyewa a gidana.

An ba ta izinin zama na watanni, kuma mun yi shirin za ta yi azumi da salla tare da mu. Ba ta ko yi rabin lokacin ba ta fara maganar komawa. Yau sanyi ya yi yawa, gobe matakala, jibi gidanta babu kowa sai 'yan haya. Ina ta kawar da zancen. Wata Lahadi da rana ina shafa mata man zafi a gwiwa, ta ce, "Ke, bari in gaya miki gaskiya ki daina wahalar da kanki. Yarinyar nan ƙyamar hannuna take. Ba laifinta ba ne, ba ta saba ganin irinsa ba. Amma ba zan zauna ina takura mata a gidan ubanta ba. Ki ce wa mijinki ya matso min da ranar tafiya."

Na ce haba Inna. Na rantse, na yi kuka, na ce zan gyara mata zama. Ta ce in na sake taɓa yarinyar a kanta ba ta yafe ba. In Inna ta kafe, ta kafe. Maigidana ya je ya canza tikiti. Abin da yake cina a rai shi ne, Inna ta tsufa, tafiyar nan ba ƙarama ba ce, babu tabbacin za ta sake yin ta. Za ta koma Kano ta ƙarasa kwanakinta da sanin cewa jikar da aka sa wa sunanta tana ƙyamarta.

A wannan lokacin ina zuwa ajin Turanci na manya ranar Asabar da safe, a laburaren unguwa. Turancin aiki ina da shi, amma ina son in iya na takarda. Malamarmu dattijuwa ce da ta yi ritaya daga koyarwa, kowane mako takan kawo mana kalma ɗaya ta baje ta kamar mai tallar atamfa. Asabar ɗin da ya rage saura 'yan kwanaki Inna ta tafi, na je ajin ne don kawai in bar gidan. Malama ta rubuta partake a allo.

Ta ce tsohuwar kalma ce mai nauyi, ba za ka ji yaran titi suna faɗinta ba. An fi samunta a littafi, ko a bakin mai wa'azi, ko in mutum yana son ya yi wasa da manyance a wajen cin abinci. In abinci ne ko abin sha, a bi ta da of. In wani sha'ani ne da mutane suka taru a kai, kamar biki ko wasa, a bi ta da in. Wata mata 'yar Dominika ta ce to ai share ke nan, me ya sa za a wahalar da mu da kalma biyu? Malama ta ce akwai bambanci. Share tana iya zama rabo kawai, a yanka burodi biyu kowa ya ɗauki nasa ya kama gabansa. Ita kuwa wannan, sai ka zo inda mutane suke, ka ci daga abin da suke ci, ko ka shiga abin da suke yi. Ba yawan abin da ka ɗiba ake dubawa ba, ko kaɗan ne ya wadatar.

Akwai wani ɗan garin Tawa a ajin, mai sayar da turare da huluna a bakin titi. Ya leƙo ta bayana ya ce, "Hajiya, wanga ai sa hannu na." Na ce masa a'a, sa albarka dai. Muka ɗan yi musu ƙasa-ƙasa har malama ta tambayi abin da muke cewa. Na yi ƙoƙarin bayyana mata da guntun Turancina, na ce a wajenmu in an kira ka abinci ko ka ƙoshi sai ka ɗauki loma ɗaya, don masu abincin su san babu komai tsakaninku. Malama ta ce mako mai zuwa kowa ya zo da jimla ɗaya da kalmar, daga rayuwarsa.

Da na dawo gida Inna tana ɗaki tana barcin rana, maigidana yana wajen aiki. Mamana tana kicin tana cin biskit. Dama ita take duba min aikin aji, tana jin daɗin gyara min baki. Na ce mata an ba mu kalma, na faɗa mata. Ta ce ta taɓa ganinta a littafi. Na ce to saurari jimlata ki gaya min ko daidai ce. Ban shirya ba, abin da yake raina ne ya fito. Na ce da Turanci: 'yata ba ta sa albarka a abincin uwata, shi ya sa uwata za ta koma gida.

Ta ajiye biskit ɗin. Ta ce ba don sanyi Kaka za ta tafi ba? Na ce ba don sanyi ba ne. Wannan karon ban ɗaga murya ba, na gaji da faɗa. Na ce mata a hankali, Kaka tana ganin kina ƙyamar tabon hannunta, shi ya sa take rufe shi, shi ya sa take ci da cokali a ɗaki.

Yarinyar ta zaro ido. Ta ce ita ba ta taɓa ƙyamar hannun Kaka ba. Ta ce ba hannun Kaka ba ne, nata hannun ne. Sai kuka ya ƙwace mata, magana tana fita gutsi-gutsi, da Turanci, ina tsinta ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce ita ce ta ƙarshe da ta ci abinci da Baba na hawan ƙasa. Ta tuna ranar, tana ɗan tari, ya yaga mata nama, ita ma ta ɗebo shinkafa da hannunta ta sa masa a baki suna dariya. Bayan nan aka daina kai ta ƙasa, sai ta ji jiniyar motar asibiti, ta leƙa ta taga ta ga an fita da shi, bai dawo ba. Kuma kowa yana cewa, a talabijin da a gida, yara suna ɗauke da ciwon ba su sani ba, su suke kai wa tsofaffi. An ce in kana son kakanka ka nisance shi. Ta ce babanta da ni ba mu tsufa ba, shi ya sa take karɓar abu a hannunmu. Amma Kaka ta tsufa kamar Baba, kuma ita Kaka ɗaya gare ta.

Maganar nan duk mun faɗe ta a shekarar, ni na fi kowa faɗa saboda irin aikina. Mu manya da abin ya wuce muka ajiye ta muka ci gaba da harkokinmu. Babu wanda ya tuna ya koma wajen yarinya ya ce mata an gama, kuma ba ke ba ce. Rabin rayuwarta tana ɗauke da mutuwar tsohon nan ita kaɗai, a gida ɗaya da ni. Sai a lokacin na gane wanke hannun nan ma, kafin ta taɓa kayan Inna take yin sa, ba bayan ta taɓa ba.

Na rungume ta na ce ba ita ba ce. Na ce a lokacin ciwon yana ko'ina, a bas, a shago, a masallaci, babu wanda ya san ta inda ya shigo ginin. Ta gyaɗa kai, amma na ga maganata ba ta shige ta ba. Na ce ta jira ni.

Na shiga na tashi Inna na zayyana mata komai. Ta zauna a bakin gado tana kallon hannunta. Sannan ta ce, "Innalillahi. Yarinya ƙarama da wannan kaya, ku kuna ina?" Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta ce, "Akwai sauran miya? Ɗora tuwo. Ki sauko da tiren."

Da tuwo ya nuna na shimfiɗa tabarma. Inna ta ce in kawo ruwan wanke hannu a roba ɗaya. Ta kira, "Takwara." Yarinyar ta zo ta tsaya daga nesa kamar kullum. Inna ta ture mayafin gefe, ta ɗaga hannun a fili.

"Kin ga wannan? Tafasasshen mai ya zubo masa, ban mutu ba. Na ci abinci da 'ya'yana suna majina, suna ƙyanda, suna tarin da ake ji daga zaure, ban mutu ba. Uwarki ma nan ta sha yi min atishawa a cikin koko. Shi Baban da kike faɗa, kwanansa ne ya ƙare, kuma ya tafi yana da wadda take sa masa loma a baki. Ba kowane tsoho yake samun wannan ba. Ni ma nawa kwanan yana rubuce, ba a hannunki yake ba. Zo ki zauna."

Na buɗe baki zan fassara, Inna ta ce in yi shiru, ai tana ji. Kuma tana ji ɗin. Ta matso a hankali ta durƙusa. Inna ta kama hannunta ta tsoma cikin robar tare da nata, ta wanke mata kamar jaririya. Yarinyar ta yanki tuwo ɗan mitsitsi, ta dangwali miya ta kai baki, idonta a kan kakarta kamar mai jiran wani abu ya faru. Babu abin da ya faru. Inna ta ci gaba da cin abincinta, tana mitar na cika gishiri. Can sai na ga ɗan yatsanta ya tura tsoka ɓangaren yarinyar, ita kuwa tana kallon taga. Mamana ta ɗauka ta ci. Ni dai tuwon ranar nan da hawaye na haɗiye shi.

Tsoron bai fita a rana ɗaya ba. Washegari da sassafe na tarar da yarinyar tsaye a ƙofar ɗakin Inna, ta kasa kunne. Inna ta gan ta daga kan sallaya, ta gane abin da ya kawo ta, ta ce, "Takwara, ban mutu ba." Yarinyar ta yi dariya ta ruga. Haka suka riƙa yi kowace safiya. Tikitin kuwa bai sake canzuwa ba, maigidana ya yi iya ƙoƙarinsa abin bai yiwu ba. Kwanakin da suka rage kaɗan ne, amma duk a tire aka ci su, har da abincin safe. Ranar ƙarshe na leƙa falo na ga Mamana ta ɗora hannun Inna a cinyarta tana bin tabon da yatsa, tana tambayar labarin kowane ɗaya, rabi da Turanci rabi da wata gurguwar Hausa da ban san tana da ita ba.

A filin jirgi, bayan an auna kaya, Inna ta ce wa maigidana ya ja yarinyar su sayo mata ruwa. Da suka yi nisa ta riƙe min wuyan hannu da ƙarfi.

"Saurara. Ranar da aka kira ku aka ce na tafi, ko bana ne ko baɗi, kada ki fara da kuka. Ki fara neman yarinyar nan ki gaya mata ba hannunta ba ne. Sannan ki yi kukanki."

Na ce Inna ki daina irin wannan maganar. Ta ce, "Na ce kin ji?" Na ce na ji.

Asabar ɗin da ta biyo baya na kai wa malama jimlata. Na ce da Turanci, da kalmar partake, 'yata ta sa albarka a tuwon kakarta. Ta ce jimlar daidai ce, sai dai in ƙara of.

Tiren bai koma saman kabad ba. Inna tana nan da ranta a Fagge, gwiwar ce dai ta ƙara matsa mata. Duk Lahadi muna kiranta, mu muna shirin abincin rana, su sun idar da magariba. Mamana ce take riƙe wayar, kuma kafin sallama, kafin komai, abin da Inna take fara cewa shi ne, "Takwara, ban mutu ba." Su yi ta dariya su biyu. Ni ina kicin ina jin su, ina tuƙa tuwo, ina maimaita saƙon da aka ba ni a filin jirgi don kada in manta da wanda zan fara.